Fitila Ɗaya Ta Ƙi Tashi: Nazarin Gyaran Moton Ɗaga Fitilar Wata Tsohuwar Mota

Motar ƙirar Amurka ce ta tsakiyar shekarun 1990, mai ƙofa biyu, irin wadda fitilunta na gaba suke kwance a cikin jiki, sai an kunna su sannan su ɗago kai. Mai ita dattijo ne da ya daɗe yana riƙe da ita, kuma ƙorafinsa bai da tsawo. Idan ya kunna wuta, fitilar dama ta miƙe nan take, ta hagu kuwa ta zauna a raminta tana gurnani na 'yan daƙiƙu, sannan ta yi tsit. Ƙwan yana ci, amma a ƙarƙashin murfi yake ci, yana haska cikin bamba maimakon titi.

Da na tambaye shi yadda abin ya faro, sai ya ce ba rana ɗaya ya zo ba. Da farko fitilar tana tashi lafiya, sai dai in an kashe, bayan ta gama sauka a ji wani gurr a gefen hagu. Ya share, tunda tana aiki. Daga baya ta fara yi masa wasa, yau ta tashi, gobe ta ƙi. Sai ya gano wata dabara: ya sa yaro ya kunna wutar daga ciki, shi kuma ya sa yatsu a bakin murfin ya ɗan ja sama, sai ta kama ta ƙarasa da kanta. Kafin motar ta zo hannuna an canza fis, an canza makunnin wuta gaba ɗaya, wani ma ya ba shi shawara a ɗaure fitilun a sama da waya a huta. Bai yarda ba.

Na ce masa, “Baba, wannan dabarar ta jan murfi a bar ta daga yau. Moton nan ƙarami ne a ido, amma in ya kama yatsa tsakanin murfi da ƙarfe ba ya sanin na gida.”

Yadda moton yake sanin ya tsaya

Duk binciken ya rataya ne a kan tambaya ɗaya, wadda waɗanda suka taɓa motar kafin ni ba su yi wa kansu ba: me yake gaya wa moton cewa fitila ta kai, ya tsaya? Amsar ba ɗaya ba ce a duk motoci, kuma wanda bai san irin da ke gabansa ba zai yi ta sayen kayan da ba su da laifi.

Fitila mai ɓuya tsohon abu ne. Cord 810 ta 1936 tana da ita, kuma da hannu direba yake juya wani ɗan mariƙi daga cikin mota don ya fito da ita. Corvette ta 1968 zuwa 1982 da zuƙar iskar inji take ɗaga nata, don haka a can matsalar tiyo ce da yoyon iska, ba ta wuta ba. Abin da ya yawaita irin wannan fitila a shekarun 1970 da 1980 shi ne dokar Amurka, wadda tun 1940 ta tilasta amfani da fitila mai ƙayyadadden girma, ga kuma ƙa'idar tsayin da fitila za ta kasance daga ƙasa. Mai zanen da ke son gaban mota ya kwanta siriri ba shi da mafita sai ya ɓoye ta. Da aka sassauta dokar a 1983, dalilin ya fara gushewa, ƙa'idojin kare masu tafiya a ƙasa suka ƙara matse ta, har Corvette da Lotus Esprit suka rufe babin a 2004. Ma'ana, duk motar da ke da irin wannan fitila yau, motonta ya haura shekara ashirin, mafi yawa ma talatin.

Moton ɗaga fitila mai aiki da lantarki ya kasu gida biyu. Na farko, wanda ya fi yawa a motocin Japan irin su Mazda MX-5 ta 1989 zuwa 1997, ɗan'uwan moton wayifa ne. Gefe ɗaya yake juyawa, rabin zagaye ya ɗaga fitila, ɗaya rabin ya sauke ta, kuma a cikinsa akwai faifan ƙarfe da wasu 'yan yatsun jan ƙarfe suke gogawa, su yanke wuta idan an kai wurin tsayawa. Irin wannan yana da wayoyi da yawa, kuma ciwonsa yawanci busasshen giris ne da datti a kan faifan.

Na biyu shi ne na wannan motar. Waya biyu ce kacal take shiga moton. Babu makunnin iyaka a cikinsa ko kaɗan. Wani ƙaramin akwatin sarrafawa ne yake aika masa wuta, in ana son sauka sai ya juya wayoyin, wadda take fosatib ta koma negatib, moton ya juya baya. Hannun da ke ɗaga fitila yana tafiya har sai ya daki wani matokari. Da ya daka, moton ya cije, wutar da yake ja ta yi tsalle sama, akwatin ya ji wannan tsallen, ya yanke. Idan bai ji ba, yana da 'yan daƙiƙun da yake jira, sannan ya yanke da kansa don kada moton ya ƙone.

Da wannan a zuciya, ƙorafin dattijon ya riga ya faɗi rabin amsa. Gurnani na 'yan daƙiƙu sannan shiru yana nufin wuta tana zuwa, moton yana juyawa, amma bai taɓa cijewa ba, har sai da akwatin ya gaji ya yanke. Fis da ya ƙone ba ya gurnani. Makunnin da ya lalace kuma ba zai zaɓi hagu ya bar dama ba, tunda umarni ɗaya yake bayarwa.

Bincike

Duk da haka ban kwance komai ba sai da na tabbatar, domin zato ba ya maye gurbin awo. Batir yana da cikakken caji. Na zare soket ɗin moton hagu, na sa mita a kan wayoyin biyu da ke zuwa daga akwatin. Da aka kunna wuta, mita ta nuna kusan bolt 12 na ɗan lokaci sannan ta koma sifili. Da aka kashe, ta sake nuna kusan haka amma da alamar ragi a gaba. Akwatin yana aikinsa ta kowane ɓangare ke nan, wayoyin ma lafiya.

Sai maɓallin hannu. A ƙarshen kowane irin wannan moto akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa don ɗaga fitila idan wuta ta ƙi, kuma a kan sandar moton kanta yake zaune. Soket yana zare, na fara murɗa shi. Yana juyawa sakayau, babu nauyi, fitila ko motsi. Na sa yaron shago ya ɗan ɗaga murfin kaɗan ina ci gaba da murɗawa, sai na ji ya yi nauyi a yatsuna, fitila ta soma hawa. Daidai abin da mai motar yake yi da dare ke nan, sai dai yanzu babu wuta a jiki. Akwai wuri guda a jikin giyar moton, wato ɗan faifai mai haƙora da ke cikinsa, inda babu haƙora, kuma da an tsallake shi komai yana tafiya.

A nan ne mutane da yawa suke tsayawa su ce an gano ciwo. Ni kuwa na kwance notin da ya riƙe hannun a kan sandar moton, na raba su, na kama fitilar ina ɗaga ta ina saukewa da hannuna ba tare da moto ba. Ya kamata ta yi lilo cikin sauƙi, nauyinta kawai za ka ji. Wannan sai da na sa ƙarfi, kuma dab da ƙarshen sauka tana wani ƙiiƙ tana cijewa. Na je na yi wa ta dama haka don in sami abin kwatantawa. Bambancin a fili yake.

Abin da ke cikin moton

Notuna uku ne suke riƙe da shi. Gidan giyar na roba ne mai tauri, kuma murfinsa da gam aka liƙe tun daga masana'anta, ba a yi shi don a buɗe ba. Wannan shi ne wurin da ake ɓata aiki. In ka soka sukudireba wuri ɗaya ka danna, gidan ne zai tsage, kuma tsagaggen gida ba shi da magani sai sabon moto. Da siririyar wuƙa na bi layin gam ɗin ina zagayawa kaɗan-kaɗan, sannan na riƙa ɗan ɓamɓarawa ta ɓangarori daban-daban har ya saki da kansa.

A ciki abubuwa huɗu ne. Sandar moton, wadda ƙarshenta yake da zare irin na noti, ta ƙarfe. Farar giyar nailan da wannan zaren yake turawa. Wata roba mai laushi da ke zaune a cikin cikin giyar. Sai sandar da ke fita waje zuwa hannun fitila, mai wasu kunnuwan ƙarfe da suke nutse a cikin robar nan. Wato giyar ba kai tsaye take juya sandar fita ba, ta cikin robar take bi, don duk lokacin da hannu ya daki matokari robar ta shanye dukan.

Giris ɗin ya bushe ya zama ruwan ƙasa, ya daskare a gefe inda ba ya amfanar komai. A ƙasan gidan akwai farin gari da 'yan ɓarɓashi, kamar an kankare kyandir, su ne haƙoran da suka ɓace. Robar tsakiyar ta ƙeƙashe, na danna ta da farce ko lotsawa ba ta yi ba, gefe guda ma ta tsage. Da na wanke giyar na ɗaga ta a haske, sai ga giɓi, haƙora kamar huɗu sun shafe sun zama sumul. Na juya ta, sai ga wani giɓin a ɗaya gefen, daidai kishiyar na farko.

Wannan giɓi na biyu ya ba da labarin da mai motar bai sani ba, ko ya manta. Hannun fitila ba ya cika zagaye, kusan rabin giyar kawai yake aiki duk rayuwarta, ɗaya rabin yana zaune sabo. Shi ya sa akwai sanannen gyaran da ba a kashe ko sisi: a cire hannun, a murɗa maɓalli har sandar ta juya rabin zagaye, a mayar da hannun. Sandar tana da gefe biyu a shafe, don haka hannun yana shiga ta fuska biyu. Sai sababbin haƙora su karɓi aiki. To wani ya riga ya yi wa wannan moton haka a baya. Gyaran ba laifi ba ne, ni ma ina yin sa. Laifin shi ne an juya giya an bar abin da ya cinye ta, shi kuma ya bi sabon gefen ya cinye.

Me ya cinye ta?

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin da ya sa haƙoran suke mutuwa a wuri ɗaya shi ne, duk lokacin da moton ya cije, haƙoran nan guda ne suke cikin bakin zaren. Kowace kashe wuta duka ɗaya ne a kansu. An tsara su su jure haka, kuma sun jure shekaru masu yawa, muddin abubuwan da ke rage musu dukan suna nan. A wannan motar duk sun tafi.

Na farko robar tsakiya, wadda ta zama dutse. Na biyu matokarin ƙasa. A kan ƙarfen da hannun yake daka ya kamata a sami wata 'yar hular roba. A dama tana nan, ta lotsa amma tana nan. A hagu babu ita sam, sai ƙarfe tsirara da ya yi ƙyalli saboda duka. Rashinta abu biyu yake jawowa: dukan ya zama ƙarfe da ƙarfe, kuma hannun yana wuce inda ya kamata ya tsaya, har murfin fitila ya danne jikin mota. Na uku gaɓoɓin da fitilar take lilo a kansu. Ruwan sama da na wanki suna gangarowa daidai nan, sun wanke man, tsatsa ta kama. Moton yana fama tun daga farkon tafiya har ƙarshe.

Akwai wani abu game da tsatsar nan da ya kamata mai irin wannan mota ya sani, ko da giyarsa lafiya. Akwatin ba shi da ido. Bai san bambancin matokari da gaɓa mai tsatsa ba, tsallen wuta kawai yake ji. Idan gaɓa ta yi tauri sosai, zai iya yanke wuta a tsakiyar hanya, fitila ta tsaya rabi a buɗe. An sha canza akwati mai lafiya a kan haka, alhali man shafawa ake nema.

Kafin in yanke shawara na gwada moton shi kaɗai, babu giya, da wayar gwaji mai fis a jiki. Ya juya sumul ta kowane gefe, babu wari, babu tartsatsi mai yawa, burushinsa da sauran tsawo. Gwajin nan a taƙaice ake yin sa, kuma in giya da hannu suna haɗe ba a yin sa sai da taɓawa ɗaya a ɗauke, domin babu akwatin da zai yanke wuta, moton zai yi ta turawa har wani abu ya karye.

Zaɓi

Juya giya ya fita daga lissafi. Saura uku: sabon moto gaba ɗaya, sabuwar giyar nailan, ko giyar tagulla da ake sayarwa musamman don wannan gyaran, wadda takan zo da sabuwar robar tsakiya da wani ɗan ƙarfen da ke danne murfi.

Mai motar tagulla yake so, kuma hujjarsa mai sauƙi ce: “Malam, ƙarfe ai ya fi roba. A sa wanda ba zan sake jin labarinsa ba.”

Gaskiyarsa rabi ce. Tagulla ba za ta shafe kamar nailan ba. Amma ƙarfin dukan bai je ko'ina ba, wani wurin zai nema. Giyar nailan ita ce mafi araha da sauƙin canzawa a duk jerin, in ta ƙi mutuwa sai abin ya koma kan murfin da aka liƙe da gam, ko gidan robar, ko zaren sandar moton. Zare yana tura giya gefe, ba gaba kawai ba, kuma na ga murfin da ya ɓalle bayan an sa tagulla ba a danne shi ba. Wanda ya sa tagulla ya bar tsatsa da matokari yadda suke, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. A ganina, idan an gyara gaɓoɓi an mayar da matokari, ko wace giya aka sa za ta daɗe. Sabon moto kuwa ban ga dalilinsa ba, tunda na cikin lafiya yake, kuma ingancin waɗanda ake samu yanzu na irin waɗannan tsofaffin motoci hawa-hawa ne.

Na yarda da tagullar bisa sharaɗin za a yi sauran aikin duka, kuma za a sa ƙarfen danne murfi. Ya amince.

Haɗawa

Na wanke gidan tas, domin ɓarɓashin nailan ɗaya da ya maƙale a zare ya isa ya cije moto. Sabuwar roba ta shiga cikin giya, kunnuwan sanda suka zauna a ramukansu. Akwai wasu siraran wosha a kan sandar, waɗanda suke hana giya wasa sama da ƙasa. Suna da saurin ɓacewa a cikin tsohon giris, kuma in aka bar ɗaya a waje giyar ba za ta zauna daidai tsakiyar zare ba. Na sa giris wanda ba ya cin roba, a kan haƙora da zare, daidai misali, na kiyaye kada ya taɓa bakin murfi inda gam zai kama.

Kafin liƙewa na ɗora murfin na riƙe da hannu, na murɗa maɓalli har giyar ta cika zagaye, ina jin ko akwai inda take cijewa. Bayan gam ya bushe babu damar wannan gwajin. Sannan na kankare tsohon gam, na goge da abin da ke cire maiƙo, na sa gam mai haɗi biyu, na matse, na bar shi ya cika lokacin da aka rubuta a jikinsa. Gaggawa a nan ita take mayar da mota shago, saboda gam ɗin da ya yi tauri a yatsa ba lalle ya gama ƙarfi ba.

Yayin da yake bushewa na kwance gaɓoɓin fitilar, na goge tsatsa, na shafa giris, na sa sabuwar hular matokari. Na sake yin gwajin lilo da hannu, sai da ta yi sauƙi kamar ta dama sannan na mayar da moto. Wajen ɗaure notin hannun akwai ƙa'ida: a riƙe hannun da wani sifana, kada a bar ƙarfin ɗaurin ya bi sanda ya sauka a kan haƙoran giya. Na ɗaga na sauke da maɓalli tukuna, na ga hannun yana dakan matokari sama da ƙasa kafin murfi ya taɓa jikin mota, sannan na mayar da soket.

Sakamako

Da aka kunna, biyun suka tashi. Ta hagu ma tana ɗan riga ta dama isa, abin da ya nuna ita ma daman tana neman kulawa. Da aka kashe, suka sauka da ƙaramin tuk, babu gurnani a baya. Tagulla ta fi nailan ɗan ƙara wajen tafiya, na gaya wa mai motar tun kafin ya ji da kunnensa ya ɗauka wani ciwon ne.

Moton dama ban buɗe shi ba. Ba ya gurnani, maɓallinsa yana da nauyi daga farko har ƙarshe, kuma fasa liƙaƙƙen gidan da ke aiki kasada ce da ba ta da riba a yanzu. Na shafa wa gaɓoɓinsa giris, na canza masa hular matokari, na gaya wa dattijon cewa robar cikinsa shekarunsu ɗaya da wadda na fitar, don haka ranar da ya ji gurr bayan kashe wuta ya kawo ta a makon. A wannan matakin, in ba a taɓa juya giyar ba, rabinta yana nan sabo, ana iya juya ta.

Aiki na ƙarshe shi ne saitin haske. Canza matokarin da kwance gaɓoɓi yana sauya kusurwar da fitila take tsayawa, ko da kaɗan ne, kuma kaɗan a bakin fitila yana zama da yawa a nesa. Na tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri tana fuskantar bango, na ga hasken hagu ya ɗan haura na dama, na sauko da shi da notin saiti har suka daidaita.